Bikin finafinai na FESPACO: tambayoyin da 'yan fim ɗinmu na Kebbi ke yawan yi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda harkar ɗaukar fim ta fara kankama a wajenmu, daga masu gajeren barkwanci da waya a Birnin Kebbi da Jega har masu burin dogon fim na tarihi a Argungu da Yawuri da Zuru, duk sanda anka ambaci bikin baje kolin finafinai na duniya tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa. Wasu na ganin taron 'yan gayu ne kawai, wasu kuma na ganin wata rijiyar kuɗi ce da an tura fim shikenan an warke. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda. Na fi tsayawa kan FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu babban birnin Burkina Faso, don shi ne na yankinmu, kuma akwai hannun maƙwabtanmu dumu-dumu a cikin tarihinsa.

Wai shi bikin baje kolin finafinan nan mene ne, ba dai taron raba kyaututtuka ba ne irin wanda muke gani a talabijin?

A'a, da bambanci sosai. Taron raba kyaututtuka dare ɗaya ne, a sa kaya masu kyau a kira suna a miƙa kambu a watse, kuma finafinan da ake karramawa sun riga sun fita kasuwa mutane sun gani. Shi kuwa bikin baje koli kwanaki ake yi, sati guda ko fiye, ana haska finafinai daga safe har dare a gidajen sinima daban-daban, yawancinsu sabbi ne da ba a taɓa gani ba, bayan an gama kallo darakta ya miƙe gaban jama'a a yi masa tambayoyi, wani ya yaba wani ya kushe a gabansa. A gefe guda kuma ga 'yan kasuwa da gidajen talabijin suna cinikin finafinai, ga bita da ake yi wa matasa. Kyautar tana zuwa ne a daren ƙarshe, kuma wlh ita ce ƙaramin ɓangare na abin.

In kana son ka gane, ka tuna bikin kamun kifi na Argungu. Wanda ya kamo giwan ruwa mafi girma shi ake nunawa a labarai, amma duk wanda ya taɓa zuwa Matan Fada ya san bikin ya wuce nan, akwai baje kolin amfanin gona, akwai kokawa da dambe, akwai mai masauki da mai tuwo da mai kabu-kabu da kowa ke samun nasa, kuma garin ne gaba ɗaya ke nuna kansa ga duniya.

A ina abin ya samo asali tun farko?

A Turai. Wanda ya fi kowanne daɗewa shi ne na birnin Venice a Italiya, an fara shi 1932 zamanin mulkin Mussolini. Da tafiya ta yi tafiya sai siyasa ta shiga ciki, a 1938 manyan kyaututtukan sunka tafi ga finafinan da gwamnatocin Italiya da Jamus ke so, abin ya ɓata wa Faransawa da Ingilishi da Amurkawa rai, sai Faransa ta ce za ta yi nata a garin Cannes. An sa ranar buɗewa 1 ga Satumba 1939, kuma a ranar ce Jamus ta afka wa Poland, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, dole anka fasa. Sai 1946 Cannes ya fara sosai. Na Berlin ya biyo baya a 1951, lokacin birnin na rabe tsakanin gabas da yamma.

Abin lura a nan, babu ɗaya daga cikinsu da anka kafa don nishaɗi zalla. Kowace ƙasa tana son ta nuna wa duniya ita wace ce kuma da bakinta. A Afirka wanda ya riga FESPACO shi ne na Carthage a Tunisiya, wanda Tahar Cheriaa ya assasa a 1966.

To shi FESPACO yaushe anka fara shi, kuma su wa sunka kafa shi?

A watan Fabrairun 1969 a Wagadugu, lokacin ma ƙasar ba a fara kiranta Burkina Faso ba, sunanta Upper Volta. Ba gwamnati ta fara shi ba, wasu masu sha'awar kallon fim ne da ke haɗuwa a cibiyar al'adu ta Faransa da ke garin sunka ga cewa shekara da shekaru suna kallon finafinai amma ba su taɓa ganin na 'yan Afirka ba, alhali sun ji labarin ana yi a Senegal da Nijar. Sai sunka shirya abin da sunka kira makon sinimar Afirka. Wadda ta shugabanci kwamitin shirya na farkon mace ce, Alimata Salembere, ma'aikaciyar gidan talabijin, daga baya har ministar al'adu ta zama. Ƙasashen Afirka biyar ne kacal sunka kawo finafinai: Senegal, Nijar, Kodebuwa, Kamaru da mai masaukin baƙi. Babu gasa, babu kyauta, kallo ne kawai da tattaunawa.

A Janairun 1972 gwamnati ta fitar da doka ta ɗauki bikin ya zama na ƙasa, a shekarar ce kuma anka fara gasa da ba da babbar kyauta. Daga 1979 ya zauna kan tsarin shekara biyu-biyu, a shekarun da ba su rabuwa biyu, wato irin 2023, 2025. Usman Sembene na Senegal, wanda ake kira uban sinimar Afirka, yana cikin waɗanda sunka riƙe bikin tun daga tushe, kuma ya ƙi sa finafinansa a gasar don ya bar wa na baya fili. Wannan halin dattako ne da ya kamata manyanmu na masana'anta su duba.

Me ya sa sai an yi wani biki na musamman, a lokacin babu gidajen sinima ne?

Akwai sinima, matsalar ita ce wa ke da ita kuma me ake haskawa. A ƙasashen da Faransa ta mulka, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da kusan dukkan gidajen sinima da hanyar rarraba finafinai, abin da suke kawowa kuwa na kaboyi ne da na Indiya da tsofaffin finafinan Turai da sunka gama cin kasuwarsu a can. Ɗan Afirka zai sha wahala ya yi fim, a nuna shi a Paris a tafa masa, amma uwarsa da ke Dakar ko Yamai ba za ta taɓa gani ba don babu mai haska shi a gida. Kafin 'yancin kai ma abin ya fi haka muni, akwai dokar Laval ta 1934 da ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma, shi ya sa Paulin Vieyra da abokansa da sunka so yin fim a 1955 sai a Paris sunka yi shi.

Mu ma nan ɓangaren Ingila ba mu tsira ba. Ku tambayi tsofaffinmu labarin majigi, motar da ke zuwa gari a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna yadda ake tsaftar gida da noman gyaɗa da biyan haraji. An ga baƙar fata a allo ƙwarai, amma a matsayin wanda ake koya wa, ba mai ba da labari ba. To manufar FESPACO ta farko kenan, kuma har gobe ita ce: ɗan Afirka ya ga kansa a allo yadda ɗan'uwansa ya ɗauke shi, a garinsu, cikin jama'arsa. Sauran manufofin, wato haɗa masu sana'ar su san juna, samar da kasuwa, da adana tsofaffin finafinai, duk daga wannan sunka tsiro.

Amma me ya sa Burkina Faso, ƙasar da ba ta kai mu kuɗi ko yawan jama'a ba?

Don su sunka ɗauki abin da muhimmanci, iyakarta kenan. A 1970 gwamnatin Janar Sangoule Lamizana ta ƙwace gidajen sinima daga hannun kamfanonin nan biyu da na ambata a sama ta maida su na ƙasa, kamfanonin sunka yi fushi sunka daina ba su finafinai na wani lokaci, amma ba su ja da baya ba. Da Thomas Sankara ya hau a 1983 sai ya ƙara wa bikin ƙarfi sosai, a zamaninsa anka buɗe ƙofa ga baƙar fata na Amurka da tsibiran Karebiyan, anka kafa kyautar Paul Robeson dominsu, kuma a 1987 anka gina dandalin masu shirya fim a tsakiyar Wagadugu da wani dogon gini mai siffar faya-fayen fim da gilasan kyamara. An yi juyin mulki iri-iri a ƙasar, an sha fama da matsalar tsaro irin wadda mu ma muka san zafinta, amma duk gwamnatin da ta zo ba ta yarda bikin ya mutu a hannunta ba. Na 2021 ma da korona ta hana a yi a Fabrairu, sai anka ɗaga shi zuwa Oktoba, ba a soke ba.

Wane doki ne nake gani a hannun waɗanda sunka ci gasar?

Ingarman Yennenga kenan, babbar kyautar bikin, mutum-mutumin mace a kan doki ya yi tsaye da ƙafafun baya tana riƙe da mashi. A tarihin baka na Mosawa, Yennenga 'yar sarki ce daga yankin da yanzu yake arewacin Ghana, jaruma ce mai hawan doki da yaƙi, ubanta ya hana ta aure sai ta gudu a kan ingarma, ɗan da ta haifa shi ne kakan sarakunan Mosawa. Akwai na zinariya da na azurfa da na tagulla. Ba wai don kyan hoto kawai ake ba da na zinariyar ba, alƙalai na duba fim ɗin da ya fi nuna haƙiƙanin rayuwar Afirka.

Wani abu da ke damuna a nan shi ne, biki ne da mace ta shugabanci kafa shi, kyautarsa siffar mace ce, amma har zuwa bikin 2025 babu macen da ta ɗauki na zinariya a gasar dogon fim. Apolline Traore ta Burkina ta kusa a 2023, ta samu na azurfa. 'Yan'uwa mata da ke wannan sana'a, filin nan yana nan a buɗe.

Malam duk wannan labarin 'yan Faransanci ne, mu Kabawa da Arawa da Zabarmawa ina ruwanmu?

Ruwanmu kuwa har wuya, kuma wannan ce tambayar da na fi son a tsaya a karanta amsarta. Mutumin da ya fara ɗaukar Ingarman Yennenga a tarihi, a 1972, Bazabarme ne ɗan Yamai, Umaru Ganda. Tsohon soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indochina, ya dawo ya yi dako a tashar jirgin ruwan Abidjan, a can ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya fim, ya fara fitowa a fim, daga baya ya koma gida ya riƙe kyamara da kansa. Fim ɗin da ya ci da shi, Le Wazzou polygame, da Zabarmanci anka yi shi, kuma labarin wani alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙara aure da yarinyar da an riga an yi wa wani saurayi alkawarinta. Ku faɗa min, wannan labarin akwai unguwar da ba a san irinsa ba daga Kamba har Bunza? Ba jirgin sama ba mota mai tsada, zaure ne da tsakar gida da maganar mutane. Ganda ya rasu a farkon 1981, kuma har yau kyautar da ake ba wanda ya yi dogon fim ɗinsa na farko a FESPACO sunansa take ɗauke da shi.

Na biyun ya fi ma kusa da mu. A 1987 fim ɗin da ya ɗauki zinariya shi ne Sarraounia na Med Hondo ɗan Muritaniya, wanda ya gina a kan littafin Abdoulaye Mamani ɗan Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, wadda ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bi garuruwa tana ƙonawa tana kisa har ta yi wa Birnin Ƙonni kaca-kaca. Lugu fa a ƙasar Arewa take wajen Dogon Dutsi, Arawan can da na Kangiwa dangi ne, iyaka ce kawai ta Turawa ta ratsa tsakani, ana auratayya ana cin kasuwa ɗaya. Amma a Burkina anka ɗauki fim ɗin, kuma ba da Hausa jarumar ke magana ba. Ban ga laifin Med Hondo ba ko kaɗan, Allah ya saka masa, shi ya ga darajar labarin ya sha wahalar shekaru yana neman kuɗin yin sa. Tambayar tawa gare mu ce. Labarin Kanta da ganuwar Surame yana nan, Abdullahin Gwandu da tarin rubuce-rubucensa suna nan, Uhola ta Zuru, rigata ta Yawuri, rayuwar Sarkawa a kan ruwa, matan da ke sussukar shinkafa a fadama, wa muke jira ya zo ya ɗauka?

Ɗan Najeriya ya taɓa cin babbar kyautar kuwa?

E, Newton Aduaka a 2007 da fim ɗinsa Ezra, kan yaran da ake tilasta wa shiga yaƙi. Kafin shi daga ɓangaren masu Turanci akwai Kwaw Ansah na Ghana a 1989 da Zola Maseko na Afirka ta Kudu a 2005. Sulaiman Sise na Mali ya ɗauka sau biyu, 1979 da 1983, haka ma Alain Gomis na Senegal a 2013 da 2017. A 2025 Dani Kouyate ya maido da ita gida Burkina.

Dalilin da ya sa ba a cika jin 'yan Najeriya ba duk da yawan finafinanmu, shekaru da dama ƙa'idar babbar gasar ita ce sai fim ɗin da ke kan faifan sinima na milimita 35, mu kuwa daga Kano har Legas da kaset ɗin bidiyo muka tashi sannan CD, to kai tsaye an rufe mana ƙofa, sai dai wani rukuni na gefe. A gaskiya wannan ƙa'idar ta daɗe fiye da kima, ta sa bikin ya yi nesa da finafinan da talakawan Afirka ke kallo a gidajensu. Sai a 2015 anka fara karɓar na dijital a babbar gasa. Yanzu wannan uzurin ya ƙare.

Fim ɗin da anka yi da Hausa zalla zai shiga, ko sai na sa Turanci?

Zai shiga, kuma don Allah kar ka lalata fim ɗinka da Turancin dole. Ka duba amsar da ta gabata kan Umaru Ganda, da Zabarmanci ya ci. Sise da Bambara ya yi nasa, Sembene tun 1968 ya koma yin fim da Wolof, wanda ya ci a 2021 da harshen Somaliya ne. Ko a Oscar, wanda shi taron kyauta ne ba baje koli ba, an cire fim ɗin da Najeriya ta tura a 2019 daga rukunin finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi masa yawa, daga baya finafinan da ƙasar ta tura har da na Hausa, The Milkmaid da Mai Martaba. Ka ga kenan harshen naka shi ne jarinka. In ma da Kabanci ko Dakarci ko Fulatanci labarin ya fi zama daidai, a yi shi a haka.

Abin da ake buƙata shi ne fassarar da ke bi a ƙasan allo, ta Faransanci ko ta Turanci gwargwadon ƙa'idar shekarar. A nan ne muke yawan faɗuwa. A ba yaro ɗan sakandare ya fassara cikin dare ɗaya, tsohuwa ta yi karin magana mai nauyi a rubuta wani abu da ba kai ba gindi, alƙali ya ga mutane na kuka a allo shi kuma rubutun na ba shi dariya. A nemi wanda ya iya harsunan biyu da gaske a biya shi haƙƙinsa, Faransanci kuwa ba wahalar samu gare mu ba tunda ga 'yan'uwa a Gaya da Doso.

Nawa ake samu? Ana iya maida kuɗin da anka kashe?

A 'yan shekarun nan wanda ya ɗauki zinariya ana ba shi sefa miliyan 20, ban da ƙananan kyaututtuka da ƙungiyoyi ke bayarwa. Amma mutum ɗaya ne ke ɗauka cikin ɗaruruwan da sunka tura, saboda haka wanda ya sayar da gonar gado ya yi fim don wannan kuɗin ya yi ganganci. Inda amfanin yake shi ne kasuwar da ke tafiya tare da bikin, MICA, wadda anka fara a 1983, nan ne masu gidajen talabijin da masu rarraba finafinai da masu zuba jari ke zama, nan za ka ji wace gidauniya ke tallafa wa rubutun labari, wa ke neman abokin haɗin gwiwa daga Najeriya. Kuma fim ɗin da anka zaɓa a FESPACO, ko bai ci komai ba, sauran bukukuwa na duniya za su fara nemansa da kansu.

Ba Turawa ne ke juya abin daga bayan fage ba? Kuma ba za a sa mu yin abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya ba?

Maganar kuɗin Turawa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Gwamnatin Burkina ce ke ɗaukar nauyin bikin, amma an daɗe ana samun tallafi daga Faransa da Tarayyar Turai da ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, kuma yawancin finafinan da sunka yi suna a can da kuɗin waje anka yi su. Su kansu masu shirya finafinan Afirka sun daɗe suna wannan muhawara a tsakaninsu, cewa mai ba da kuɗi yakan so a nuna masa Afirkar da ya saba gani, ta yunwa da yaƙi. Maganin wannan ba ƙaurace wa bikin ba ne, a je da labarin da anka gina da kuɗin gida da tunanin gida, mu kuwa a nan mun ma fi su sabawa da yin fim ba tare da jiran kowa ba.

Batun tarbiyya kuma, ba wanda zai riƙe hannunka ya ce sai ka sa abin da ba ka yarda da shi ba. Za ka ga finafinai daga ƙasashe masu al'adu daban, wasu ba za su yi maka daɗi ba, kana da damar tashi ka fita. Naka fim ɗin kai ke da shi. Da yawa daga cikin manyan da sunka yi suna a bikin Musulmi ne daga Mali da Nijar da Senegal da Muritaniya da Maroko. Abin da dai ba sa so shi ne wa'azi tsagwaronsa, a tsayar da jarumi gaban kyamara minti goma yana nasiha. Nuna mana abin ya faru, mai kallo ba yaro ba ne.

To ya zan yi in tura nawa, kuma me ke sa a ƙi ɗaukar fim?

Watanni kafin bikin hukumar FESPACO na fitar da sanarwar karɓar finafinai a shafinta na intanet, da ƙa'idoji da ranar rufewa, a can za ka cike fom ka tura. A dunƙule ana son darakta ya zama ɗan Afirka ko mai tushe a Afirka, fim ɗin kuma sabo ne ba wanda ya shekara biyar a ajiye ba. Rukunan suna da yawa, dogon fim, gajere, na labarin gaskiya, na zane mai motsi, masu dogon zango na talabijin, da na ɗaliban makarantun fim. Shawarata ga mai farawa ya fara da gajere, minti goma zuwa ashirin da anka yi da kyau ya fi awa biyu na jan rai. Kuma kar ka yi saurin ɗora shi a YouTube, bukukuwa da yawa ba su karɓar abin da kowa ya riga ya gani kyauta.

Abin da ya fi kashe mana aiki sauti ne, ba kyamara ba. Za ka ga hoto tas, an samu hasken yamma mai kyau a bakin gulbi, amma janareto na ruri a baya, iska na bugun makirfo, ɗan acaɓa ya wuce da hon, muryar jaruma ta nutse. A waya ba za ka damu ba, a babban zauren sinima kuwa minti biyar ba za a iya jurewa ba. Sai kiɗan da anka ɗauko na wani ba izini, wannan kai tsaye matsala ce, alhali ga makaɗanmu na gargajiya da za a zauna da su a yi yarjejeniya a rubuce a biya su. Sai kuma labarin da anka kwaikwayo daga finafinan Indiya, alƙalan nan sun ga na asalin. Maganar fassara na riga na yi ta a sama. A yi hattara kuma da bukukuwan bogi da ke cike a intanet, waɗanda za su karɓi dalolinka na rajista su turo maka hoton kambu ba tare da an haska fim ɗin ko a ɗaki ɗaya ba. Kafin ka biya ko sisi ka bincika a wane gari ake yi, a wane zaure, su wa sunka je bara.

Yaushe ake yi, kuma daga Kebbi ta ina ake bi?

A al'ada ana buɗewa a ƙarshen Fabrairu a yi mako guda, na 2025 shi ne karo na 29. A taswira hanyar mota ba ta da wuya, Kamba zuwa Gaya, Doso, Yamai, sannan a shiga Burkina ta Kantchari da Fada N'Gourma har Wagadugu. Amma ni ba zan ba kowa shawarar bin ta a halin da ake ciki ba, yankin iyakar Nijar da gabashin Burkina na fama da 'yan bindiga sosai, rai ya fi fim. Wanda zai je ya nemi jirgi. A kuma tuna Burkina da Nijar da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka a tambayi ofishin jakadanci kan takardun da ake buƙata kafin a sayi tikiti, a tanadi katin rigakafin shawara, a kama masauki da wuri don garin cika yake yi maƙil. Ba dole sai kana da fim za ka je ba, 'yan kallo ake so, da can ma don su anka kafa shi.

In ban kai ga Wagadugu ba, akwai na kusa?

Akwai. Zuma na Hukumar Finafinai ta Najeriya ana yin sa a Abuja, AFRIFF da Chioma Ude ta kafa a 2010 ya fara a Fatakwal yanzu yana Legas, a Kano kuma akwai KILAF da ya tsaya kan finafinan harsunan Afirka. A fara da waɗannan a ga yadda ake yi.

Mu fa, za mu iya yin namu a Kebbi?

Me zai hana, in dai ba za mu fara da jan kafet da gayyatar manyan baƙi ba. Ku koma amsar yadda FESPACO ya fara, mutane ne 'yan kaɗan da finafinai 'yan kaɗan da allo, gasa ma sai bayan shekara uku ta zo. Abin da ake buƙata na farko zaure ne ko fili mai tsaro, na'urar haskawa da lasifika masu kyau, wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar fim ba, izinin hukuma da sanin masu unguwa da malamai tun kafin a buga sanarwa, da wurin zama na mata daban don iyaye su yarda su bar 'ya'yansu su zo. A nemi izinin masu finafinan a rubuce, kar a sauke daga intanet a haska. A gayyato na Sakkwato da Gusau da Doso da Yamai su kawo nasu, bayan kowane fim a ba jama'a makirfo su faɗi ra'ayinsu ko da zai yi wa darakta ɗaci.

Lokacin da ya fi dacewa a ganina shi ne a jingina shi da makon bikin Argungu tunda baƙi sun riga sun taru, ko kuma bayan girbin shinkafa lokacin da mutane ke da ɗan abin hannu da sukuni. Wahalar ba a na farko take ba, a na biyu da na uku take, lokacin da ɗoki ya wuce kuma wanda ya ba da tallafi bara ya daina ɗaga waya. Don haka tun ranar farko a buɗe littafi a rubuta kowane fim da anka haska da sunan mai shi da lambar da za a same shi, a ajiye kwafi a wuri biyu, a kuma sa ranar na shekara mai zuwa kafin a tashi daga taron.